Kwana tara a tsibirin Kirit da iyali: a zagaye shi duka ko a zaɓi ɓangare ɗaya?

"Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina da yaranmu biyu, mai shekara 11 da mai shekara 7, muna son mu yi hutun kwana tara a tsibirin Kirit na ƙasar Girka a watan Agusta, lokacin dogon hutun makaranta. Na duba taswira na tsara mu zagaye tsibirin gaba ɗaya, mu riƙa kwana a gari daban kowane dare, don kada wani abu ya wuce mu. Shin hakan zai yiwu? Mota za mu ɗauka haya ko bas ta wadatar? Kuma yaya batun abinci da sallah?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Idan na fahimce ka, kana tambaya ko kwana tara sun isa a ga Kirit duka, da abin hawan da ya dace, da kuma yadda iyalin Musulmi zai ci ya yi ibada a can. Tambayar farko ce uwa, domin amsarta ce za ta gyara sauran. Zagayen da ka tsara zai yiwu, mota za ta iya, amma ban ba ka shawarar ka yi shi ba. Na daɗe ina shirya wa iyalai tafiye-tafiye, na je tsibirin nan sau huɗu, kuma iyalin farko da na tura can irin wannan tsarin naka na yi musu. Da suka dawo, uwar gidan ta ce mini abin da ta fi tunawa shi ne naɗe kaya kowace safiya da aman yara a kwanar duwatsu. Tun daga ranar ban sake tsara wa kowa haka ba.

Kalmar tsibiri ce ke yaudarar mutum

Mu idan an ce tsibiri, abin da ke zuwa mana a rai ɗan fili ne da ruwa ya kewaye, wanda za a gama da shi kafin la'asar. Kirit ba haka yake ba. Shi ne mafi girma a tsibiran Girka, tsawonsa daga yamma zuwa gabas kusan kilomita 260, wato ya ɗara Kano zuwa Kaduna, kuma mutane sama da 600,000 ne ke zaune a cikinsa. Siriri ne, faɗinsa bai wuce kilomita 60 ba, a wani wurin ma 12 ne kacal, shi ya sa a taswira yake kama da abin da za a tsallake cikin minti talatin. Abin da taswirar waya ba ta nuna maka da kyau shi ne duwatsu. Manyan tsaunuka ne suka bi ta tsakiyarsa kamar ƙashin baya, dutsen Psiloritis ya kai mita 2,456, Fararen Duwatsu na yamma ma kusan haka.

Saboda haka babbar hanya ɗaya ce mai sauri, ita ce ta bi gaɓar arewa ta haɗa manyan garuruwa huɗu: Haniya, Retimno, Iraklion da Ayos Nikolawos. A tikiti da allunan hanya za ka ga an rubuta Chania da Heraklion, su ne dai Haniya da Iraklion. Daga Haniya zuwa Iraklion kilomita 140 ne ko kusa da haka, awa biyu da 'yan kai. Amma da zarar ka karkata kudu, hanya ta koma hawa da gangara da kwana bayan kwana, kilomita 70 sai ta cinye maka awa biyu. A kudu maso yamma kuwa akwai ƙauyuka irin su Lutro da Aya Rumeli da titi bai kai su ba sam, sai jirgin ruwa ko ƙafa. Wato babu wata hanya da ta zagaye bakin tekun ta dawo inda ta faro. Wanda ya ce zai haɗa gaɓar tekun Elafonisi ta can yamma da dajin dabinon Bai na can gabas a hutu ɗaya da yara, ya ɗauki taura biyu ne a baki.

Abin da nake yi wa mutane yanzu shi ne masauki biyu kawai. A sauka a filin jirgin Haniya, a tashi daga na Iraklion, a bar gabashin tsibirin sai wani jiƙon.

Agusta

Agustan da muka sani da marka, a Kirit ko ɗigon ruwa da wuya ka gani. Rana ce tas, zafi a gaɓar arewa wajen digiri 30, kudu ta fi haka, kuma a wasu shekaru akan sami 'yan kwanaki da yake haura 40. Bahaushe ba zai ji tsoron wannan ba, sai dai zafin da ka saba da shi kana zaune a inuwa daban ne da wanda za ka sha kana yawo a kango mai farin dutse da yara. Matsalar Agusta ta gaske cunkoso ne da tsada, domin lokacin ne Turai duk take hutu, su ma Girkawa suna tafiya ƙauyukansu don bikin 15 ga wata. Sannan akwai iskar arewa da suke kira meltemi, wadda ke kaɗawa a Yuli da Agusta. Tana rage zafi, amma tana tayar da igiyar ruwa a gaɓar arewa.

Da zaɓi a hannuna yake, da na ce farkon Yuni ko tsakiyar Satumba. A Satumba teku na da ɗumi, jama'a sun ragu, kuɗin masauki ya sauka. Amma na san makaranta ce ta ɗaure ka. Idan za ka iya tura tafiyar zuwa makon ƙarshe na Agusta ko na farkon Satumba kafin a koma, ka yi hakan, za ka ga bambanci a aljihunka.

Biza kafin komai

Girka tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kuma tunda a can za ku yi hutun, wajen Girka za ku nema, ofishin jakadancinta na Abuja ne ke yanke hukunci. Kuɗin biza tun Yunin 2024 yuro 90 ne ga babba, yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12 kuma 45, don haka yaranka biyu duk suna rabin kuɗi. Ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da fasfo wanda zai rage wata uku bayan ranar dawowa. Doka ta yarda a shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma ga mai son Agusta, Afrilu bai yi wuri ba. Ka kama masaukin da za a iya sokewa ba tare da asara ba, kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin fasfo ya dawo hannunka. Ni dai tsara takardu nake taimakawa, bayar da biza ba a hannuna yake ba, kuma duk wanda ya ce maka ya tabbatar maka da ita ka riƙe kuɗinka.

Daga gida za ku bi ta Alkahira ko Istanbul ko wata mahaɗa ku sauka Atina, babban birnin Girka. Daga Atina jirgin sama bai kai awa ɗaya ba zuwa Haniya. Akwai kuma babban jirgin ruwa da ke tashi daga tashar Pireyos da daddare ya isa da asuba, wajen awa tara, ana kama ɗaki mai gadaje huɗu. Yara suna son sa sosai, kuma ya tsaya a matsayin kwanan otal ɗaya. Amma bayan doguwar tafiya daga gida na fi son a huta dare ɗaya a Atina a hau jirgin safe.

Yadda zan raba kwanakin

Dare ɗaya a Atina, biyar a Haniya, uku a Iraklion ko kusa da ita.

A Haniya ka nemi gida mai ɗakin girki maimakon ɗakin otal. Ka kula, tsohon gari mota ba ta shiga lungunansa, don haka ko ka sauka a gefensa inda akwai wurin ajiye mota, ko ka shirya jan akwati a kan dutse. Ranar farko kada ku je ko'ina. Ku fita da yamma ku taka tsohuwar tashar jiragen ruwa da mutanen Benis ta Italiya suka gina, ku bi katangar da ta shiga teku har hasumiyar fitila. Siffarta za ta tuna maka da hasumiyar masallaci, kuma ba mamaki, an sake gina ta ne a shekarun da Masarawa ke riƙe da tsibirin, tsakanin 1830 da 1840.

Elafonisi ita ce wadda kowa ke gani a hoto, mai rairayi da ke da ɗan ja-ja saboda ɓarɓashin bawon halittun ruwa. Kilomita 75 ce daga Haniya, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ruwanta bai da zurfi, yaro zai yi nisa yana tafiya bai wuce masa gwiwa ba, shi ya sa nake tura iyalai can. Amma a Agusta, wanda bai isa kafin ƙarfe tara ba zai tarar da kasuwa. Ku yi sallar asuba ku kama hanya. Kuma kada yara su ɗebi rairayin a kwalba, an hana.

Gaɓar Balos ta fi ta kyau a ido, ta kuma fi ta wahala. Hanyar mota ta ƙarshe, wajen kilomita takwas, burji ce a gefen dutse, kuma yawancin takardun hayar mota sun cire irin wannan hanya daga inshora. Bayan an ajiye mota sai an gangara da ƙafa, a dawo da hawa cikin rana. Da yara, jirgin ruwa daga Kisamos ya fi, yana tsayawa a tsibirin Gramvusa sannan ya kai ku. Idan iska ta tashi ranar, ku fasa. A maimakonta ku je Marati ko Stavros, a ɗan yankin da filin jirgin Haniya yake, ruwansu a kwance yake domin duwatsu sun tare iska.

Nan zan tsaya in ja kunnenka, don abin yana damuna. Yawancin yaranmu ba su iya iyo ba, manyanmu ma haka. Teku ba kogi ba ce, a ranar iska tana da jan da ke ɗauke mutum daga inda yake tsaye. Idan ka ga jan tuta a bakin ruwa, kada kowa ya shiga, ko da ka ga Turawa a ciki. Ku zaɓi wurin da akwai mai gadin ruwa a kan dakalinsa, ku sa wa yaran rigar da ke hana nitsewa, ɗaya daga cikinku ya zauna idonsa a kansu. Lambar gaggawa 112 ce.

Za a yi ta ba ka labarin kwazazzabon Samariya. Ya cancanci labarin: kilomita 16 ne, ana farawa daga tsayin sama da mita 1,200 a gangaro har teku, a wani wurin bangayen dutse biyu sun matso juna saura mita uku ko huɗu. Amma tafiyar awa biyar zuwa bakwai ce a kan tsakuwa, babu mota a ƙarshe, sai jirgin ruwa sannan bas. Na bi shi sau ɗaya a watan Yuni, gwiwoyina sun yi kwana uku suna ciwo. Ɗan shekara bakwai a Agusta, a'a. Idan kuna son ɗanɗana irin wannan tafiya, kwazazzabon Imbros rabinsa ne, kilomita takwas, awa biyu zuwa uku, kuma akwai titi a farkonsa da ƙarshensa. Ku shiga da sanyin safiya, da takalmi mai rufe ƙafa da ruwa isasshe.

Cikin kwana biyar ɗin nan ka bar ɗaya fanko, babu shiri. A yi barci, a yi wanki, a je kasuwa. Duk iyalin da na bar wa wannan rana sun gode mini a kanta.

Ranar ƙaura zuwa Iraklion ita ce ranar Retimno. A kan hanya akwai tafkin Kurnas, ruwan daɗi ne, ana hayar ƙaramin kwalekwale mai feda. Sai ku ci abincin rana a tsohon garin Retimno, ku hau ganuwar Forteza idan rana ta yi sanyi, ku isa masauki kafin magariba.

Iraklion ba ta da kyan Haniya, gari ne na aiki da hayaniya, amma Knosos na kilomita biyar daga gare ta. Fada ce ta mutanen da ake kira Minowa, waɗanda suka yi zamaninsu kusan shekara 4,000 da suka wuce. Wani ɗan garin, Minos Kalokairinos, ya fara tono a 1878, sannan Baturen Ingila Arthur Evans ya ɗora daga 1900. Ka sani cewa jajayen ginshiƙan da za ka gani Evans ne ya sake tayar da su da siminti bisa fahimtarsa, kuma masana har yau suna jayayya a kan hakan. Abin da ya fi burge ni ba su ba ne, bututun ruwa na yumɓu ne da magudanai, da randunan ajiyar mai da hatsi waɗanda wasu sun kai tsayin mutum. A 2025 UNESCO ta saka Knosos da wasu fadoji biyar na tsibirin cikin kayan tarihin duniya. Ku sayi tikiti ta intanet, ku shiga ƙarfe takwas da an buɗe, domin inuwa kaɗan ce. Da rana ta take sai ku koma gidan tarihi na cikin gari, inda ainihin kayan suke, har da faifan yumɓun Festos da aka tono a 1908 wanda har yanzu ba a karanta rubutunsa ba. Washegari ta yara ce: akwai babban gidan kifaye a Gurnes, kilomita 15 gabas da gari.

Mota ko bas

Bas ɗin KTEL tana da tsabta da sanyi, tana zirga-zirga tsakanin manyan garuruwan arewa kusan kowace awa, kuma a lokacin baƙi tana zuwa Elafonisi. Mutum ɗaya ko biyu ta wadatar. Ku huɗu kuma da son fita da asuba, mota ta fi. Hannun tuƙi irin namu ne, dama. Ka yi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun daga gida, ka haɗa da naka na asali. Yawancin motocin masu kuloci ne, idan otomatik kake so ka kama tun da wata biyu. Ka tambayi kuɗin ajiye mota a garin da ba a can ka ɗauka ba, ka nemi kujerar ɗaga yaro don ƙaramin, ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin ka tashi. A babbar hanya za ka ga masu tafiya a hankali suna raɓewa bayan farin layin gefe don na baya ya wuce, al'adarsu ce, amma kada ka yi haka a kwana. A duwatsu awaki na kwanciya a tsakiyar titi, kuma ban yarda baƙo ya tuƙa can da dare ba.

Ci da ibada

Abin da za ka fi kiyayewa shi ne naman tsire da na shawarmarsu, suflaki da giros, domin idan ba a faɗa ba to alade ne. Kalmar alade hirino ce, rago arni, akuya katsiki, kaza kotopulo, kifi psari. Akwai wani ƙyafaffen nama mai suna apaki, shi ma alade ne. Ko an ce kaza ce, sau da yawa a kan waya ɗaya ake gasawa. Batun yankan Ahlul Kitabi kuwa malamai sun yi magana, ka tambayi naka kafin ka tashi, ni ba fagena ba ne. Iyalina dai kifi da ganye muke ci, kuma ba mu taɓa jin an tauye mu ba, domin girkin Kirit ginshiƙinsa man zaitun ne da kayan lambu. Ku gwada dakos, busasshen burodin sha'ir da aka jiƙa da tumatir da cuku. Akwai yemista, tumatir da tattasai da aka cusa wa shinkafa, sai dai a tambaya ko da nama a ciki. Akwai bureki na Haniya, dankali da kabewa da cuku, da kalitsuniya, 'yan ƙananan fanke masu cuku ko ganye. Kalma ɗaya da za ta yi maka amfani ita ce nistisimo, wato abincin azumin Kiristocinsu, babu nama a ciki. Ka ƙara tambaya ko an sa krasi, giyar inabi, domin suna zuba ta a miya.

Bayan an gama ci, mai gidan abinci zai kawo 'ya'yan itace ko zaƙi da wata 'yar kwalba mai ruwa garau. Ba ruwa ba ne, raki ce, giya mai ƙarfi, kyauta ce ta karrama baƙo. Ka dafa ƙirji ka ce efharisto, wato na gode, ka ture ta gefe, ka hana yara taɓawa. Ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba.

Za ka ga masallatai, amma ba za ka ji kiran sallah ba. Musulunci ya zauna a tsibirin nan sau biyu. Wasu Larabawan Andalus sun kama shi a shekarun 820, suka kafa gari suka kewaye shi da gwalalo, daga kalmar handaƙ, wato gwalalo da Larabci, aka sami tsohon sunan Iraklion, har Rumawa suka ƙwace a 961. Daga baya Turkawa suka ci Haniya a 1645, Iraklion kuma sai 1669 bayan ƙawanyar shekara 21. Musulmin ƙarshe, waɗanda yawancinsu Girkanci ne harshensu, an kwashe su zuwa Turkiyya bayan yarjejeniyar musayar jama'a ta 1923. Masallacin Kucuk Hasan mai ƙubba a bakin tashar Haniya yanzu wurin baje kolin zane ne, na Neratze a Retimno makarantar kiɗa. A unguwar Splantziya ta Haniya akwai cocin da ke da hasumiyar masallaci a gefe ɗaya da ta ƙararrawa a ɗayan. Na daɗe a tsaye a gabanta ranar da na fara ganinta, kuma ina so ka kai yaranka ka ba su labarin. Sai dai ka sani su ma mutanen Kirit suna da nasu ciwon daga wancan zamani, musamman mutanensu da suka halaka lokacin da Turkawa suka yi wa gidan ibadar Arkadi ƙawanya a 1866, don haka a yi maganar tarihi da su cikin ladabi.

Sallah a masauki za ku yi. Alƙibla kudu maso gabas take, ku tafi da darduma da ƙaramar buta, domin banɗakinsu babu abin tsarki. Agogonsu ya riga namu da awa biyu a wannan lokaci, magariba na kaiwa wajen ƙarfe takwas. Tunda za ku yi niyyar zaman sama da kwana huɗu a Haniya, a mazhabarmu ta Malikiyya ƙasaru ta yanke a can, a Iraklion kuma kwana uku ne, don haka ƙasaru na nan. Uwargida za ta iya shiga ruwa da kayan wanka masu rufe jiki, babu mai hana ta, amma ku tsaya a wuraren da iyalai ke taruwa, domin a wasu keɓaɓɓun gaɓoɓi na kudu akwai masu tuɓewa gaba ɗaya.

Ku riƙa yawo da kwafin fasfo da na biza. A 'yan shekarun nan jiragen 'yan ci-rani daga Libiya suna yawan isowa kudancin Kirit da ɗan tsibirin Gabdos, don haka baƙar fata na iya gamuwa da tambayar takardu. An tambaye ni sau ɗaya a tashar bas, na nuna, aka ba ni haƙuri aka wuce.

A ranar dawowa, idan tikitinka na Iraklion zuwa Atina daban ne da na Atina zuwa gida, ka bar aƙalla awa huɗu a tsakani. Filin jirgin Iraklion ƙarami ne a kan yawan jama'ar Agusta, jinkiri ba baƙon abu ba ne, kuma idan jirgin gida ya tashi ya bar ku, kamfaninsa ba zai ɗauki alhakin tikitin da ba nasa ba. Ka mayar da mota da tankin fetur yadda aka ba ka, ka sa man zaitun da zumar da kuka saya a babban akwati, domin a jakar hannu za a karɓe su a wajen bincike.